A Bar Mai Bincike Ya Mutu

A cikin littattafan hira waɗanda Turawa su ke rubutawa akwai wani iri da su ke ƙauna ƙwarai, watau labarin mai binciken laifi. Ginin irin wannan labari ba shi da wuyar ganewa. A wayi gari a tarad da gawa cikin ɗaki, ƙofa a kulle, ba wanda ya ga shigar kowa balle fitarsa. 'Yan sanda su zo su yi ta kame-kame, har su ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba. Sa'an nan sai a kirawo wani mutum mai kaifin hankali, ya dubi sawun ƙafa, ya shinshini tokar taba, ya yi wa baran gidan tambaya biyu ko uku, ya nuna wanda ya yi kisan, a ga ashe wanda ba a taɓa zato ba ne. Idan jama'a suka so wannan mai bincike, sai mawallafi ya sake sa shi cikin wani littafi, ya kuma sakewa, har a yi shekara talatin ko hamsin ana tare da shi, masu karatu su san tufafinsa da abincinsa da halinsa kamar yadda mutum ya san na maƙwabcinsa.

To, a nan ne wata gardama ta ke tasowa, wadda ta fi shekara ɗari ba ta kwanta ba. Ina ƙarshen wannan mutum? Mawallafi yana da iko ya kashe shi, ko kuwa ya riga ya zama na jama'a, tilas a bar shi da rai muddin akwai mai sayen littafi? Yawancin masu karatu suna bayan magana ta biyu. Su kan ba da labarin Sharlok Homs suna murna, wai wanda ya ƙago shi ya kashe shi, jama'a suka tasam masa, ya ga ba dama ya komo da shi, gaskiya ta yi halinta. Ni kuwa na ce kuɗi ne suka yi halinsu. An gaya mana mai binciken nan ɗan Adam ne, saboda haka ya kamata ya tsufa, ya mutu, in kuwa an binne shi a bar shi a kwance. Zan kawo hujjojina, mai karatu ya yi alkalanci.

Mu fara da Homs ɗin, tun da ya ke shi ne tushen maganar. Wanda ya ƙago shi wani likita ne mai suna Konan Doyil, an haife shi a birnin Edimbara a 1859. Da ya buɗe wurin aikinsa masu ciwo ba su cika zuwa ba, sai ya riƙa rubuce-rubuce yana rage zaman jira. A 1887 aka buga labarin Homs na farko, abin da aka biya shi kuwa fam 25 ne kurum, an saye labarin ɗungum. Ba a kula da shi sosai ba sai a 1891, sa'ad da wata mujalla ta Landan mai suna Strand ta fara buga gajerun labarun Homs wata-wata. Nan fa kasuwa ta buɗe. Homs da abokinsa Likita Watsan, wanda ta bakinsa a ke jin labarun, suka zama abin hira a kowane gida na Ingila.

Amma zuciyar Doyil ba ta wajen. Shi abin da ya ke so ya yi suna da shi manyan littattafai ne na tarihi, na jarumawan dā masu sulke da doki, yana ganin labarin kama ɓarayi ƙaramin aiki ne mai cinye masa lokaci. Tun cikin watan Nuwamba na 1891 ya rubuta wa mahaifiyarsa takarda cewa yana nufin ya halaka Homs. Tsohuwa ta hana, ya daure shekara biyu. A 1893 ya tafi ƙasar Suwizalan, ya ga wata matsirga da a ke kira Raikenbak, inda ruwa ya ke faɗowa daga kan dutse ya zuba cikin rami mai zurfi. Ya ce ga kabari ya samu.

Cikin watan Disamba na wannan shekara labarin ya fito. An kawo wani shaihin malamin lissafi mai suna Moriyati, wanda shi ne uban miyagun Landan a ɓoye. Homs ya tona asirin ƙungiyarsa, Moriyati ya bi shi har Suwizalan. Aka yaudari Watsan da takardar ƙarya, wai wata Baturiya tana bakin mutuwa a masauki tana neman likita. Kafin ya gane ya komo, bai tarad da kowa a bakin ramin ba, sai sandan Homs, da takardar ban kwana a ƙarƙashin gwangwanin tabarsa, da sawun mutum biyu sun nufi bakin dutse, ba ko ɗaya da ya komo.

Ba zan ɓoye aibin wannan aiki ba. Gajiya ce ta sa Doyil ya yi shi, Moriyatin nan kuwa ba a taɓa jin sunansa ba a labarun da suka gabata, an ƙago shi ne rana tsaka don ya zama igiyar rataya. Duk da haka mutuwa ce mai kyau. Mutum ya ga ba yadda za a raba ƙasarsa da babban mugu sai ya tafi tare da shi, ya yarda, ya zauna ya rubuta wa abokinsa sallama da hannu natsattse, ya je ya cika. Jarumi ba ya neman ƙarshen da ya fi wannan.

Jama'a suka fusata, wasiƙun zagi suka yi ta zuwa wa Doyil. Ya toshe kunne shekara takwas. A 1901 ya rubuta dogon labarin nan na karen da ke bin zuriyar Baskabil, amma ya nuna abin ya faru ne tun kafin Homs ya mutu. Wannan ba laifi, don ba a hana ba da labarin mamaci ba. Ɓarna ta zo ne a 1903, sa'ad da wata mujalla ta Amurka mai suna Collier's ta ɗora masa maƙudan kuɗi a gaba, ya karɓa, ya tashi ya tone kabarin da ya haƙa da hannunsa.

Ku ji yadda aka ɗinke ɓarakar. Wai Homs ya iya wata irin kokawa ta mutanen Japan, da ita ya kā da Moriyati cikin ramin, shi bai faɗa ba. Wai ya hau dutsen da hannu da ƙafa don kada a ga sawunsa, ya ɓuya yana kallon Watsan yana nemansa, bai ce uffan ba. Wai ya yi haka ne don sauran yaran Moriyati su zaci ya mutu. Ya yi shekara uku yana yawon duniya, kāna ya komo Landan da shigar tsoho mai tallar littattafai, ya tuɓe shigar a gaban Watsan, Watsan ya faɗi a some.

Wannan ɗinki bai kama ba ta ko'ina. Da fari dai, cikin labarin nan kansa an ce babban yaron Moriyati, Kanar Moran, yana bisa dutsen, ya ga Homs da rai, har ya yi ta mirgino masa duwatsu. To, wa a ke ɓoye wa? Abokin gaba ya sani, aminin da ya yi shekaru yana bin sa cikin haɗari shi ne aka bari cikin duhu. Homs ya gaya wa wansa don ya riƙa aika masa da kuɗi, amma ya bar Watsan shekara uku yana baƙin ciki. Don a rayad da jikin Homs sai da aka ɓata halinsa, aka mai da shi mutumin da bai san haƙƙin abota ba.

Sai kuma maganar yawon. An ce ya yi shekara biyu a ƙasar Tibet, ya ratsa Farisa, ya leƙa Makka, ya kuma ziyarci Halifa a Hartum. Wannan ko ba a yi muku bayani ba kun san inda ta karye. Makka ba kasuwa ba ce da wanda ba Musulmi ba zai leƙa ya wuce kamar mai neman goro. Halifa Abdullahi kuwa, magajin Mahadi, a Umdurman ya ke zaune, a hayin kogi. Hartum an ci ta a 1885, aka watsar da ita ta zama kufai, ba a sake gina ta ba sai bayan 1898. Homs kuwa tsakanin 1891 da 1894 aka ce ya je. Tsofaffin alhazai waɗanda suka bi hanyar Sudan da ƙafa, da 'yan'uwanmu da suka zauna can, ba za a ruɗe su da wannan ba. Mutumin da aka san shi da gane tokar taba iri-iri, ga shi an sa masa a baki ya nemi sarki a garin da ba ya ciki. Haka ƙarya ta ke, in ka yi ɗaya sai ka nemo mata 'yan rakiya.

Hasarar da ta fi waɗannan duka ita ce ta tsoro. Labarin haɗari da faɗuwar gaba ya ke rayuwa. Kana karatu, an ce mugu ya ɗaga bindiga, gabanka ya faɗi don ka san abin da bindiga ta ke yi. Da zarar an nuna maka mutum ya shiga ramin mutuwa ya fito ba ko ƙwarzane, ba ka sāke jin tsoro dominsa. Duk wanda ya taɓa aikin akawu ya san wannan. Littafin da aka shigad da abu ciki, aka sa hannu, aka buga hatimi, in aka ga an kankare layi ɗaya don wani babba ya ce a kankare, to, sauran layukan duka sun zama abin zargi.

Yanzu bari mu ji ta bakin masu ja da ni, don suna da magana, wata ma mai nauyi ce.

Na farko ya ce, "Malam, ai hira ce. Gizo ma shekara nawa ana ba da labarinsa, yau ya sha dūka gobe ya tashi, wa ya ce an yi masa ƙarya?" Amsa ita ce tatsuniya ba ta yi wa kowa alkawarin gaskiya ba. Tun daga ga ta nan ga ta nanku yaro ya san an shiga duniyar da kura ke magana, in an zo ƙarshe ma mai tatsuniya da bakinta ta kan ce ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Labarin mai bincike kuwa da wani alkawari dabam ya ke zuwa. Ya kan gaya maka sunan titi da lambar gida, da ranar wata, da ƙarfe nawa jirgin ƙasa ya tashi. Jarinsa duka shi ne ya ce maka ba tsafi ba siddabaru, kowane abin mamaki yana da dalili wanda hankali zai iya kamawa. Mai irin wannan alkawari ba shi da damar ya ari dabarar Gizo ran da ta ƙure masa.

Na biyu ya ce, "Gajerun labarun Homs 56 ne. 24 kaɗai aka rubuta kafin Raikenbak, 32 bayanta. Kana so mu yi hasarar 32 don a kiyaye kabari ɗaya?" Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, kuma na yarda akwai masu daɗi ƙwarai cikin 32 ɗin. Amma wa ya ce sai an tā da mamaci za a same su? Doyil da kansa ya nuna hanya. Labarin karen Baskabil, wanda mutane da yawa ke ɗauka shi ne mafi kyau cikin dogayen labarun huɗu, an rubuta shi Homs yana cikin rami. Dogon labari na ƙarshe ma, wanda ya fito a 1914 zuwa 1915, an mai da shi baya ne zuwa zamanin da Moriyati ke da rai. Har ma an gaya mana Watsan yana da akwatin ƙarfe a banki cike da takardun shari'o'in da bai ba da labarinsu ba. Ashe da rumbu a gida, ba a bukatar a fasa na wani. Da Watsan ya tsufa yana buɗe akwatin nan ɗaya ɗaya yana tuna abokinsa, da labarun sun fi haka shiga zuciya.

Dubi kuma abin da ya biyo baya. Da ya ke an ɓata mutuwa ta farko, ba a sami ta biyu ba. An ce Homs ya bar aiki ya koma ƙauye yana kiwon zuma. Labari na ƙarshe ya fito a 1927, Doyil ya rasu a 1930, ya bar Homs ba kabari ba magaji, kamar gonar da ba shinge. Tun daga nan kowa da irin shukar da ya ke yi a ciki, masu littattafai da masu majigi, wani ya mai da shi ɗan dambe, wani ya kawo shi zamanin wayar hannu.

Na uku ya ce, "Mai saye shi ke da iko, kuɗinmu ne." Mai saye yana da iko ya ƙi saye, iyakar ikonsa ke nan. Tela ya kan ɗinka riga yadda mai ita ya ce, wannan daidai ne, don jikinsa za ta shiga. Amma akwai sana'ar da in ta bi son mai biya ta lalace. Mai shaida in ya faɗi abin da mai kuɗi ke so ya zama mai shaidar zur. Mawallafi in ya juya labarinsa don an ɗaga masa fam, ya bar sahun marubuta ya shiga na maroƙa, waɗanda kowa ya ba su riga shi ne jikan sarki.

Don kada a ce na rushe ban gina ba, ga wadda ta yi abin yadda ya kamata. Agata Kiristi mutuniyar Ingila ce, an haife ta a 1890. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti, inda ta san dafi iri-iri. A 1920 aka buga littafinta na farko, a ciki ta kawo Puwaro, wani tsohon ɗan sanda na ƙasar Beljiyam wanda yaƙi ya koro Ingila, gajere, mai kai kamar ƙwai, mai ji da gashin bakinsa, mai son kome a jere daidai, mai yabon ƙwaƙwalwarsa ba kunya. Dogayen littattafai 33 ta rubuta a kansa, ban da gajerun labaru fiye da 50.

Ita ma ta gaji da shi kamar yadda Doyil ya gaji da Homs, ba ta kuwa ɓoye ba. Ga kuma matsalar shekaru, don mutumin da ya riga ya bar aiki tun yaƙin farko, in ka ɗauka yana da shekara 60 a 1916, to, a 1972 ya kai 116 ke nan yana kama masu kisa. Amma ba ta yi gaggawa ba. Lokacin Yaƙin Hitila, sa'ad da bama-bamai ke sauka a Landan ba wanda ya san zai kwana, ta zauna ta rubuta ƙarshen Puwaro, ta sa wa littafin suna Curtain, watau labule, ta kai banki aka kulle, ta ba 'yarta haƙƙinsa. Ya yi shekara fiye da talatin a kulle. Sai da tsufa ya hana ta rubutu ta yarda aka fito da shi a 1975. Ran 6 ga Agusta na shekarar jaridar New York Times ta buga labarin rasuwar Puwaro a shafinta na farko, kamar yadda a ke yi wa manyan mutane. Ita kuwa ta rasu ran 12 ga Janairu 1976. Ta rufe ƙofar da hannunta, sa'an nan ta bi baya.

Abin da ke cikin littafin shi ne ya sa na ce ta fi Doyil nesa. Puwaro ya komo gidan ƙauyen da ya yi bincikensa na farko, gidan ya lalace ya zama masaukin haya, shi kuma ya tsufa, ana tura shi a keke, ga ciwon zuciya. Ya kirawo tsohon abokinsa Kyaftin Hestins. Ya nuna masa labarin kisa biyar, kowanne an san wanda ya yi, ba shakka. Amma Puwaro ya lura akwai mutum ɗaya wanda ya ke kusa da dukan biyar ɗin, mutumin kuwa yana cikin gidan nan. Sunansa Notan, shiru-shiru, mai son kallon tsuntsaye, ba wanda zai ce ya iya kashe kiyashi. Bai taɓa kisa da hannunsa ba. Sana'arsa ingiza mai kantu ruwa. Ya kan gane inda zuciyar mutum ta ke da miki, ya jefa kalma ɗaya a daidai lokacinta, ya ja da baya yana kallo. Da haka ya sa mai gidan ya harbi matarsa, Allah ya yi da sauran kwananta. Da haka ya zuga Hestins, mutumin kirki, har ya shirya dafi don wani da ya ke zato zai lalata 'yarsa, ba don Puwaro ya sa masa maganin barci a abin sha ba da ya aikata.

Wane alkali zai kama irin wannan? Ba wuƙa, ba dafi, ba shaida, sai maganganun da in an maimaita su a gaban shari'a za a ga ba kome cikinsu. Mu ma mun san irinsa, annamimin da ke raba ma'aurata ya haɗa 'yan'uwa faɗa, ran sulhu kuwa shi ne a sahun gaba. Puwaro ya ga kwanansa sun ƙare, in ya mutu ba mai tsai da Notan. Ashe kuma bai gurgunce kamar yadda ya nuna ba. Ya sa wa Notan maganin barci, ya harbe shi a tsakiyar goshi, ya shirya ɗakin yadda za a ce shi ya kashe kansa. Sa'an nan ya kawad da maganin zuciyarsa daga bakin gado, ya bar al'amarinsa ga Ubangiji, ciwon ya zo ya ɗauke shi. Bayan wata huɗu takarda ta iske Hestins daga hannun lauyoyi, Puwaro ya bayyana kome da kansa.

A nan wani zai tashi ya ce, "To, Malam, wannan ka ke yabo? Doyil ya yi ƙarya don ya rayad da mutumin kirki, ita kuwa ta mai da nata mai kisan kai." Ban ce abin da Puwaro ya yi halal ne ba. Mutum ɗaya ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alkali, shi ne hauni, ba shari'ar da ta yarda da wannan, tamu ko tasu. Jinin mutum ba ya halatta da zato, ko da zaton mai hankali ne. Barin magani don a gaggauta ajali shi ma ba abin koyi ba ne. Amma littafin bai ce a yi koyi ba. Cikin takardarsa Puwaro, wanda ya yi shekara 55 a hannun masu karatu bai taɓa shakkar kansa ba, ya ce shi bai san ko ya yi daidai ba. Tun a 1934, cikin labarin kisan da aka yi a jirgin ƙasa, ya gane masu laifi goma sha biyu ya sake su, don yana ganin wanda suka kashe ya cancanta. Daga ranar ya fara ɗora kansa bisa doka. Kiristi ta bi wannan hanya har inda ta ƙare, ta nuna mana mutumin da ya saba ganin shi kaɗai ke da gaskiya, wata rana hannunsa zai taɓa jini. Ba ta kuwa bar shi ya wanke hannu ya tafi cin tuwo ba. Ran da ya yi kisa ran nan aikinsa ya ƙare, ransa ya bi.

Ga bambancin a fili. Komowar Homs ba ta ƙara mana sanin kome game da shi ba, sai dai ta rage. Mutuwar Puwaro kuwa ta sa duk wanda ya karanta ta, in ya koma kan littattafan baya, zai ga alfaharin nan da ya ke yi wa dariya da wani ido.

Waɗansu marubuta na baya sun bi sawunta. Kolin Dekista ya rubuta littattafai 13 a kan Sufeto Mos na birnin Okusfod, daga 1975 zuwa 1999. Mos mashayin giya ne mai ƙin jin maganar likita, saboda haka ba a nemo masa matsirga ko babban mugu ba, ciwon sukari da na zuciya suka kwantad da shi a asibiti, kamar yadda su ke kwantad da masu irin halinsa. Henin Mankel na ƙasar Suwidin, a 2009, ya bar nasa mai binciken, Walanda, da ciwon mantuwa na tsufa, mutumin da aikinsa tuna ƙananan abubuwa ya zama tunaninsa na zubewa. Ba daɗin ji, amma ba wanda zai ce an cuce shi da ƙarya.

Duk da haka masu tonon kabari ba su daina ba. Tun daga 2014, da yardar magadan Kiristi, wata marubuciya mai suna Sofi Hana ta ke fito da sababbin littattafan Puwaro, an mai da su zamanin da ya ke da rai. Za a ce ai dabarar karen Baskabil ce, wadda na ce ba laifi. Akwai bambanci. Can mai kayan ne ya buɗe akwatinsa. Nan kuwa mai kayan ta kulle, ta yi shekara talatin tana tsaron mabuɗin, ta faɗi kalmarta ta ƙarshe ta tafi. Magada suna da halalin cin kuɗin littattafanta, doka ta ba su. Amma gadon dukiya dabam, gadon baki dabam. In marubuciyar nan gwana ce, ta ƙago nata mai binciken mana, kamar yadda Kiristi ta ƙago nata ba ta ari Homs ba.

Ya ku 'yan'uwa da kuka yi yaƙi da jahilci kuka ci nasara, kada ku ce wannan rigimar Turawa ce ba ruwanmu. Yanzu da idonku ya buɗe, ku ne kasuwar masu rubutu, abin da kuka nema shi za a kawo muku. In kuka nuna ba ku son kome sai jarumin da ba ya tsufa, ba ya kuskure, ba ya mutuwa, za a yi ta dafa muku shi har ku ƙoshi, ku tashi ba ku ƙaru da kome ba. In mawallafi ya kashe wanda ku ke so, ku tambaya ko mutuwar ta dace da halin mutumin da rayuwarsa. In ta dace, ku yi baƙin cikinku, ku gode masa, ku koma shafi na farko ku sāke karantawa, littafin yana nan ba inda ya tafi. In kuwa ya komo bayan shekara goma ya ce muku wasa ya ke yi, mutumin yana bayan dutse a ɓoye, ku tambaye shi nawa aka biya shi.

Allah ya ba mu marubuta masu tsayawa kan maganarsu, ya ba mu haƙurin jin ƙarshen labari ko da bai yi mana daɗi ba, amin.